Yadda ake sauya aisin of-am a amfilifayar hedifon ba tare da an ƙona komai ba

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar dibidi, ko mikisa, ko amfilifayar masallaci, ya ga wani ɗan baƙin aisi (IC, dunƙulallen kayan lantarki) mai ƙafa takwas, huɗu ta kowane gefe, da 4558 ko 5532 rubuce a bayansa. Shi ake kira of-am (op-amp). A amfilifayar hedifon, ta aljihu ce ko ta kan tebur, shi ne yake karɓar siririn sautin da ya fito daga wayar hannu ko kwamfuta ya ƙara masa ƙarfi. Da yake jerin ƙafafunsu yawanci ɗaya ne, ana iya zare wannan a dasa wancan, kuma akwai masu zuba kuɗi a kan haka suna neman bes mai nauyi ko murya garau.

Sauyin yana yin tasiri, sai dai ba ta inda ake zato ba. Of-am ba shi yake yanke yawan bes ko tirebul ba. Ninkin da zai yi wa sauti, rizisto biyu na kusa da shi ne suke ƙayyade shi: idan ɗaya 10k ne (om dubu goma) ɗaya 1k (om dubu ɗaya), a raba babban da ƙaramin a ƙara ɗaya, ninki 11 ke nan ko wane aisi aka sa. Inda bes yake fara raguwa kuma yana hannun kafasitar bakin shiga da riziston da ke bayanta: 0.1µF da 100k suna yankewa wajen 16Hz. Abin da aisin yake zuwa da shi na ƙashin kansa shi ne yawan shuuu da ke kwance a bayan sauti, da karent ɗin da zai iya tura wa hedifon, da wutar DC da take tsattsafowa a bakin fita, da kuma ko zai zauna lafiya a fanel ɗinka ko zai kama rawa, wato ya riƙa kaɗa wani sauti nasa. In tsohon bai gaza a ɗaya daga cikin waɗannan ba, da wuya sabon ya kawo bambancin da kunne zai iya rantsuwa a kai. In kuwa ya gaza, ko yaro zai ji bambancin. Saboda haka aikin nan mita ce a gaba, kunne a baya.

Fara da karanta fanel

Cire wuta, buɗe akwatin, ɗauki hoton fanel ɗin da waya kafin ka taɓa komai, yadda za a ga inda tsagar aisin take fuskanta. Karanta lambarsa da kyau, domin ba duk mai ƙafa takwas ne of-am ba. LM386 da TDA2822M da suka cika ƙananan rediyo da sifiku su ma takwas gare su, amma jerin ƙafafunsu daban ne, ba a musanya su da of-am.

Yadda ake ƙirga ƙafa: ajiye aisin rubutunsa na kallonka, tsagar tana sama. Ta hagu a sama ita ce 1, ka gangara 2, 3, 4, ka tsallaka dama daga ƙasa 5, ka haura zuwa 8. A aisi mai tagwaye, wato mai amfilifaya biyu a ciki irin 4558, NE5532, TL072, OPA2134 da LM4562, ƙafa ta 8 ce wutar fulos, ta 4 ce ta mainos, ta 1 da ta 7 su ne mafita, 2 da 3 mashigar ɗaya, 6 da 5 mashigar ɗayan. Mai tilo kuwa, irin NE5534, TL071 da OPA627, wutar fulos ɗinsa a ƙafa ta 7 take, mafitarsa a ta 6. Tilo ba ya shiga gurbin tagwaye sai da ɗan fanel na musamman mai ɗaukar guda biyu.

Sai ka bi layin ƙafa ta 1 da ido. In ya tafi jak ɗin hedifon kai tsaye, ko ta ɗan ƙaramin rizisto kawai, to aisin ne yake ɗauke da hedifon a kansa, kuma a nan sauyi ya fi tasiri. In akwai taransisto ko wani aisi a tsakani, su suke ɗaukar nauyin, of-am ɗin ninki kawai yake yi.

Auna wutar da ke kansa

Kunna ba tare da hedifon ba. Sa mita a DC, baƙin tsinke a giraun, wato jikin jak, ka taɓa ƙafa ta 8 sannan ta 4 da jan. Riƙe hannu da kyau, tsinke ya zame ya haɗa 8 da 7 sai a yi asara. Ta kan tebur yawanci za ta nuna fulos 12 da mainos 12, ko 15 da 15. Mai batir ɗin bolt 9 guda ɗaya raba shi take yi, 4.5 sama 4.5 ƙasa. Wadda aka jona wa batir ɗin sola kuma 6 da 6, amma ka tuna batir ɗin yakan hau har bolt 14.4 da rana yana caji.

Rubuta lambar, domin ita za ta kore maka wasu aisin. OPA2134 yana aiki daga 2.5 zuwa 18 ta kowane ɓangare, shi ya sa ya dace da batir ko da ya fara sanyi. LM4562 daga 2.5 zuwa 17. AD8620 iyakarsa 13, a kan fanel mai 15 mutuwa zai yi. MUSES01 kuma ba ya yarda da ƙasa da 9, ba na batir guda ba ne. NE5532 yana jure wuta mai yawa amma ba ya sakewa a 4.5. Kusan dukansu suna barin bolt ɗaya da rabi zuwa biyu ba su kai bakin wutar ba, don haka a kan ƙaramar wuta sauti yakan fara tsagewa tun boliyum bai yi nisa ba, kuma maganin wannan batir na biyu ne, ba sabon aisi ba.

Zaɓen wanda za a sa

A nan aka fi tafka kuskure, sai mu ɗan zauna a kai.

Dubi om ɗin hedifon ɗinka tukuna. Mai om 32, irin da ya fi yawa a hannun mutane, in aka ba shi bolt 1 yana jan 31mA, a ƙololuwar bugun ganga kuma 44mA. Mai om 300 a wannan bolt ɗin 3.3mA kawai yake ja. TL072 da 4558 an ƙera su ne don nauyin 2k zuwa sama, in aka ɗora musu om 32 numfashinsu yankewa yake yi: bes ya yi laushi, kalangu ya riƙa fashewa da an ɗaga boliyum. LM4562 yana ba da wajen 26mA, OPA2134 wajen 35mA, NJM4556A kuwa 70mA, kuma ba ya cikin masu tsada. Amfilifayar O2 da aka fitar da zanenta a 2011, wadda ta yi suna da tsabtar awo, NJM4556A ta jera a bakin fita. Idan aisinka shi yake ɗauke da hedifon mai om 32, sauyi daga 4558 zuwa 4556A shi ne wanda kwalliya take biyan kuɗin sabulu.

Na biyu, kuma shi ne mai ƙona hedifon: irin mashigar aisin. Akwai masu mashigar FET (wani nau'in taransisto), irin TL072, OPA2134 da OPA1642, waɗanda kusan ba sa jan komai ta ƙafar shiga. Akwai masu taransisto na gama-gari, irin NE5532, 4556A, LM4562 da OPA1612, su kuwa suna jan ɗan karent kullum. Ɗauki zanen CMoy, ƙaramar amfilifayar aljihu da Chu Moy ya wallafa a 1998, wadda har yau ake kwaikwaya: riziston 100k a mashiga, ninki 11, an zana ta don aisin FET. Ka dasa mata NE5532. Yana jan wajen 200nA, wannan ya bi ta cikin 100k ya zama 20mV, a ninka sau 11, ga 220mV na DC zaune a kan hedifon ko ba a kunna komai ba. Yana danne fatar sifikar gefe guda, yana ɗumama ɗan siririn koyil ɗinta, kuma za ka ji ɗas mai ƙarfi duk lokacin da ka soka jak. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Abin da ake so ƙasa da 20mV, ga ƙananan iyafis masu saurin ji kuma ƙasa da 5mV.

In dole sai irin wannan aisin, a sauke 100k ya koma 10k, amma a lokaci guda a ɗaga kafasitar daga 0.1µF zuwa 1µF. Wanda ya manta kafasitar ya ture mayankar bes daga 16Hz zuwa 160Hz, sai ya ce sabon aisi ba shi da bes, alhali laifin lissafinsa ne. Haka kuma in babu kafasita tsakanin boliyum da aisi, karent ɗin nan ta cikin boliyum zai bi, sai ka ji ƙarar-ƙarar duk juyawa kamar ƙura ta shiga, ka wanke da sifirit har ka gaji ba zai daina ba.

Na uku shuuu. Da nV ake auna shi, ƙaramar lamba ta fi shiru: a takarda TL072 yana da 18nV, OPA2134 yana da 8, NE5532 yana da 5, LM4562 yana da 2.7, OPA1612 yana da 1.1. Lambar ƙarshen nan tana jan hankali, amma rizisto ma yana da nasa shuuu. Boliyum mai 50k, a mafi munin wurinsa, kamar riziston 12.5k yake ga aisi, shi kaɗai yana kawo wajen 14nV. Bayan irin wannan boliyum, kuɗin OPA1612 asara ne. Abin da ya fi kashe shuuu shi ne rage ninki: sauya 10k na ninki, abokin 1k ɗin nan, da 2.2k, ninki ya sauko daga 11 zuwa 3.2, wanda ya ishi yawancin hedifon mai om 32.

Ka kula da masu sharaɗin ninki. OPA637 ba ya zama lafiya a ƙasa da ninki 5, NE5534 kuma a ƙasa da 3 sai an sa masa 22pF tsakanin ƙafa ta 5 da ta 8. LM358 kuwa, duk da ya fi kowanne sauƙin samu kuma ƙafafunsa sun dace, a bar shi a caja da inbata, yana ɓata ƙananan sauti.

Jabu

Masu tsadar su aka fi yi wa jabu: a kankare bayan aisi mai arha a buga masa babban suna. Ko a Sabon Gari ka saya, ko aiko maka aka yi ta intanet, gwada shi. NE5532 na gaske yana da dayod biyu tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3, mita a wurin dayod za ta nuna wajen 0.6 zuwa 0.7 ta kowane juyi. OPA2134 na gaske yana cin wajen 8mA, in naka 1mA yake ci to wani abu ne a ciki. OPA1612 kuma masana'antarsa ba ta yin sa da dogayen ƙafafu, ƙarami ne mai kwanciya a kan fanel, sai an ɗora shi a kan adafta. Wanda aka ciro daga matacciyar mikisa ko dibidi a rumfar mai gyaran rediyo ranar kasuwa, a Wudil ne ko Gumel, ya fi sabon da ba a san asalinsa ba aminci.

Cirewa da dasawa

Kayan aiki: mita, ayan ɗin dalma mai siririn baki, dalma, famfon tsotse dalma, ƙaramar filaya mai yanka, hantsaki, soket mai ƙafa takwas, kafasita biyu masu lamba 104 (wato 0.1µF), rizisto biyu na om 33, da tsohon iyafis da ba ka jin asararsa.

Zare filogi daga bango ko cire batir, ka auna ƙafa ta 8 da ta 4 har wutar ta sauka ƙasa da rabin bolt. In ta ƙi sauka, ɗora riziston 1k a kan babbar kafasitar na ɗan lokaci. Ɓangaren taransifoma da wutar gida kada hannunka ya je can.

Da hunturu, lokacin da bargo yake tartsatsi da dare, jikinka yana tara wutar da ta isa ta raunata aisi, musamman na FET, kuma raunin ba lallai ya nuna nan take ba. Kada ka yi aikin a kan tabarmar roba ko sanye da rigar leda. Zauna ƙafarka a ƙasa ba takalmi, ka taɓa ƙarfen ƙofa kafin ka ɗauki aisi, ka riƙe shi ta baƙin jikinsa.

In a soket yake, zura siririn sukurdireba ƙarƙashinsa ka ɗaga kaɗan ta nan, kaɗan ta can, har ya fito a miƙe. In da dalma aka kama shi kuma mai arha ne, kada ka wahalar da fanel: yanke ƙafafun takwas a jikinsa, ka zare su ɗaya-ɗaya da hantsaki, ka tsotse ramukan. Zafin ayan wajen digiri 350, daƙiƙa uku a kowace ƙafa. Ayan da ake ɗorawa a garwashi ko risho ba shi da ma'auni, yana ɗaye layin tagulla daga fanel, inda babu wuta gara ƙaramin ayan mai aiki da batir ɗin bolt 12. Dasa soket, tsagarsa inda hoton ya nuna, ka goge wurin da sifirit.

Sabon aisi ƙafafunsa a ɗan buɗe suke zuwa. Kwantar da gefe ɗaya a kan tebur ka danna kaɗan, haka ɗaya gefen, har su miƙe. Sa shi, ka duba ko wata ƙafa ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashi, ka sake duba tsagar. In aka juya shi, fulos ya koma gurbin mainos, kafin ka kai hannu ga makunni ya ƙone.

Kunnawar farko

Ba hedifon, boliyum a ƙasa. Auna DC daga ƙafa ta 1 zuwa giraun, sannan ta 7. Murɗa boliyum har ƙarshe kana kallon mita, lambar bai kamata ta yi yawo ba. In ka ga bolt ɗaya ko fiye, kashe nan take.

Sai karent. Sa mita a mA a jere da wayar batir. NE5532 da OPA2134 wajen 8mA, LM4562 wajen 10mA, TL072 wajen 3mA, ban da abin da fitila da sauran kaya suke ci. In ya ninka abin da ya kamata, ko yana sauyawa in ka kusanto da yatsa ko ka soka igiyar hedifon, aisin ya kama rawa: yana kaɗa wani sauti nasa can sama da abin da kunne yake ji. Wannan ya fi samun masu sauri irin LM4562, mai 55MHz, in an sa su a fanel da aka zana don 4558 mai 3MHz. A kunne yakan fito kamar ƙarin haske da kaifi, har mutum ya ɗauka ci gaba ya samu, alhali batir ne yake ƙonewa, kunne kuma yana gajiya da wuri. Rediyon gajeren zango yana taimakawa: kusanto da shi, ka bi tashoshi a hankali, in akwai fito ko ƙugi da yake ɗaukewa da ka kashe amfilifayar, ka kama ɓarawon.

Gwajin yatsa shi kaɗai yana ruɗi a ƙasarmu. LM4562 a kan 15 da 15 yana ƙona wat 0.3, jikinsa yana ɗara iskar ɗaki da wajen digiri 30. A bazara, ɗakin kwano yana 40, aisin lafiyayye zai kai 70, yatsa ba zai zauna ba. Mita za ka yarda da ita.

Maganin rawa, bi da bi: 104 ɗaya daga ƙafa ta 8 zuwa giraun, ɗaya daga ta 4 zuwa giraun, a ƙarƙashin fanel, ƙafafunsu gajeru ƙwarai, domin doguwar ƙafa tana kashe amfaninsu. In bai daina ba, rizisto na om 3.3 a jere da mafita, dab da jak. Kada ka zarce da yawa, ana so turjiyar mafita ta tsaya a kashi ɗaya cikin takwas na om ɗin hedifon, wato om 4 ga mai 32, in ta wuce tana sauya launin bes. In har yanzu yana yi, mayar da tsohon, fanel ɗin ba nasa ba ne.

Akwai kuma dit-dit-dirrr na wayar hannu. A ƙauyen da sabis yake da rauni waya tana ƙara ƙarfin aikawa don ta kamo eriya, shi ya sa ƙarar ta fi damun na karkara. Masu mashigar taransisto sun fi na FET ɗaukarta. Riziston 1k a jere da 220pF zuwa giraun, a bakin jak ɗin shiga na kowane ɓangare, yana rage ta sosai. Zizar da take zuwa daga inbata, kwantirolar sola ko cajar waya kuwa ta hanyar wuta take shigowa: gwada da batir zalla, in ta ɗauke, aisi ba shi da laifi.

Sauraro

Tsohon iyafis tukuna, minti goma, ka sake auna DC da ɗumin aisin. Sannan na kirki.

Kunne yana ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, ko da tazarar kaɗan ce. Bambancin 1dB kashi 12 cikin ɗari ne na bolt, ana so a daidaita zuwa kashi ɗaya. Ɗora om 33 a mafita, kunna sautin gwaji na 400Hz daga waya, domin ƙananan mitocin awo ba sa karanta sautin da ya haura haka daidai, ka auna AC, ka manne boliyum da salatif. Zaɓi abin da ka sani sarai. Shirun da ke tsakanin aya da aya a karatu yana tona shuuu. Bugun kalangu da ganga a boliyum mai ƙarfi yana tona ƙarancin karent. Goge da kukuma, da haruffan s da ts a bakin mai magana, suna tona kaifin rawa.

Ka sa wani ya riƙa sauya aisin a bayan idonka, wuta a kashe kowane karo, yana rubuta wanda ya sa, kai kuma kana faɗin wanda ka ji. Sau goma. Dacewa tara cikin goma da wuya ta zama sa'a, kusan sau ɗaya cikin ɗari take faruwa haka kawai. Biyar ko shida kuwa canki-canki ne, sai ka bar mai arhar ko mai cin batir kaɗan. Yawan cirewa da sawa yana sassauta bakin soket, in ka gama zaɓe ka danna aisin ya zauna daram, ka toshe ramukan akwatin da ba sa aiki saboda ƙurar hunturu, amma ka bar na shan iska a sama da aisin in wutar 15 da 15 ce.